Tambayoyinku da Amsoshinmu: Baƙin Tsuntsayen da ke Yada Zango a Tsakiyar New York

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan tsuntsaye masu ƙaura suke. Ta farko ce ta fi ɗaukar mana wuri, domin amsarta ita ce ginshiƙin sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban tasi ne, ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York shekara shida ke nan. Duk watan Mayu, idan na sauke fasinja da sassafe a gefen lambun shaƙatawa na Central Park, sai in ga mutane rututu, tsofaffi da matasa, kowa da madubin hangen nesa a wuya, wasu da manyan kyamarori, sun ɗaga kai suna kallon bishiyoyi. Wani ya ce mini tsuntsaye suke kallo. Wane irin tsuntsu ne zai fito da mutum daga gida da asuba a garin da kowa ke tseren neman kuɗi? Kuma irina zai iya shiga cikinsu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar sana'a. Gaskiya aka faɗa maka, tsuntsaye suke kallo, amma ba tantabaru da gwarare da ka saba gani a bakin titi ba. Waɗannan matafiya ne, fatake, waɗanda suka kwana suna tafiya a sama, gari ya waye musu a kan birninku, suka sauko neman abin karin kumallo. Hausawa na cewa in ka yi sammako wani a tafe ya kwana, kuma ban san inda maganar nan ta zauna daram kamar a kan waɗannan halittu ba.

Ga yadda abin yake. Ƙananan tsuntsaye masu daɗin kuka da ke hayayyafa a dazuzzukan Kanada da arewacin Amurka ba sa iya zama a can idan sanyi ya shigo, domin ƙwarin da suke ci ɓacewa suke yi. Saboda haka sai su gangara kudu, wasu zuwa tsibiran Karibiyan, wasu Amurka ta Tsakiya, wasu har tsaunukan Andes na Kolombiya da Peru. Idan ƙanƙara ta narke, bishiyoyi suka fara toho, sai su juyo. Da yawansu gaɓar tekun Atlantika suke bi, kuma New York tana kan wannan hanya. Galibinsu da dare suke tafiya, saboda iska ta fi sanyi da kwanciya, shaho ba ya farauta, kuma hakan ya bar musu yini domin kiwo. Suna gane hanya da taurari, da inda rana ta faɗi, da kuma maganaɗisun ƙasa. A shekarun 1960 wani masani mai suna Stephen Emlen ya saka wasu tsuntsaye a ɗakin da ake haska taurarin kwaikwayo a rufinsa, ya nuna cewa idan aka juya taurarin, tsuntsayen ma juya alƙiblarsu suke yi.

To, ka sa kanka a matsayin tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 10 zuwa 12 ba, wanda ya kwana yana kaɗa fiffike, alfijir ya keto ya duba ƙasa bai ga komai ba sai kwalta da siminti da gilashi. A tsakiyar wannan duka sai ga wani kore shar mai faɗin eka 843, da bishiyoyi da ƙoramu. Dole nan zai nufa, shi da dubban 'yan'uwansa. Abin da ya sa Central Park ya yi suna ke nan: tsuntsayen da a daji za su warwatsu ta yadda sai ka yini ba ka ga goma ba, a nan wuri ɗaya birni ya matse su. Ana ganin sama da nau'i 200 a lambun a kowace shekara. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux, waɗanda tsarinsu ya yi nasara a 1858 aka gina lambun a kansa, domin hutawar mutane suka zana shi, amma sashen da suka mayar kamar ƙungurmin daji, wanda ake kira Ramble, tsakanin titi na 73 da na 79, shi ne ya zama babban zangon waɗannan baƙi.

Waɗanda aka fi fitowa dominsu su ne dangin da Amurkawa ke kira wobla, ƙananan masu cin ƙwari da ba su kai gwara girma ba. A rana mai kyau cikin makonni biyun farko na Mayu, wanda ya ƙware yana iya ganin nau'i 20 ko fiye kafin azahar. Ba zan manta da safiyar da na fara ganin wanda ake kira Blackburnian ba. Na daɗe ina bin wani motsi a ƙololuwar bishiyar oak har wuyana ya ƙage, ganye yana rufe shi yana buɗewa, sai kawai ya juyo ya fuskanci rana. Maƙogwaronsa ruwan lemo ne mai ci kamar garwashin da aka hura, fuskarsa da zanen baƙi, ya tsinci wata 'yar tsutsa a ƙarƙashin ganye, ya buga ta a reshe, ya haɗiye, ya wuce. Duka abin bai kai daƙiƙa biyar ba. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta dafe ƙirji ba ta ce komai ba, ni kuwa tasbihi na samu kaina ina yi, domin tsuntsun nan makonni kaɗan da suka wuce yana dazuzzukan Kudancin Amurka.

Kowannensu da ɗabi'arsa, kuma ta ɗabi'a aka fi saurin gane su. Akwai mai zanen baƙi da fari da ke bin jikin kututture sama da ƙasa kamar ƙadangare. Akwai Redstart, baƙi mai ɗigon ruwan lemo, wanda ke baza jela kamar mafici domin ya firgita ƙwari su tashi ya cafke. Akwai Ovenbird da ba ya son sama, sai dai ya riƙa takawa a cikin busassun ganye kamar ƙaramar kaza. Can wajen ƙarshen wata sai Blackpoll ya iso, wanda ba shi da ado sosai, amma shi ne gwarzon tafiya: binciken da aka wallafa a 2015, bayan an ɗaura wa wasu 'yan na'urori a baya, ya tabbatar da cewa a tafiyarsa ta komawa kudu yana ratsa tekun Atlantika kwana biyu zuwa uku ba sauka, nisan da ya kai kilomita 2,700 a wasu.

Batun ko irinka zai iya shiga, amsar ita ce ƙwarai kuwa, kuma ba a biyan ko sisi. Ana buɗe lambun da ƙarfe 6 na safe, saboda haka wanda ya yi sallar Asuba ya riga ya fi yawancin mutane shiri. Jirgin ƙasa na C yana tsayawa a titi na 81, kusa da Ramble, yana kuma tsayawa a na 103, kusa da dajin arewacin lambun da ake kira North Woods, wanda ba shi da nisa da titi na 116 na Harlem inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa. A Bronx ɗinku ma akwai Van Cortlandt da Pelham Bay, kuma baƙin suna sauka a can. Na san dalilin da zai sa baƙar fata ya yi wannan tambaya. A ranar 25 ga Mayun 2020, a cikin Ramble ɗin nan, wata mata ta kira wa Christian Cooper, wani baƙar fata da ya daɗe yana kallon tsuntsaye, 'yan sanda saboda ya roƙe ta ta ɗaure karenta kamar yadda dokar wurin ta tanada. Abin ya tayar da ƙura a duniya, kuma daga nan aka fara ware mako guda a kowace shekara domin baƙaƙen fata masu wannan sha'awa. Abin da ni na gani da idona shi ne, idan ka tsaya kusa da masu kallon ka tambaya a hankali me suke gani, har rige-rigen nuna maka za su yi.

Kada ka fita ko wace rana da ka. Daren da iska ta kaɗo daga kudu ko kudu maso yamma, washegarinsa ne lambun ke cika, musamman idan an ɗan yi yayyafi kafin asuba wanda ya tilasta wa matafiyan sauka. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell tana da shafi mai suna BirdCast da ke amfani da na'urorin hasashen yanayi yana nuna yawan tsuntsayen da ke sama a kowane dare, tana kuma da manhajar waya ta kyauta mai suna Merlin wadda ke sauraron kuka ta faɗa maka mai yin sa. Ka yi amfani da ita, amma ka bar kunnenka ya koya, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a cikin ganye mai duhu kunne yakan riga ido.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a New York, na sayi kyamara da 'yan kuɗin da na tara domin in ɗauki hotunan tsuntsayen nan, amma duk abin da nake dawowa da shi ganye ne da reshe, ko wani dishi-dishi da ba a gane kansa da jelarsa. Wani ya ba ni shawarar in riƙa kunna kukansu a waya domin su matso. Me ka gani?

AMSA: Malama, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Bari in fara da shawarar da aka ba ki, domin ita ta fi damuna. Kada ki kunna. Tsuntsun da ya ji kukan ɗan'uwansa a kusa yana ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, sai ya bar kiwo ya zo bincike. Wanda ya kwana yana tafiya, ya ƙone kitsen jikinsa, kuma wata tafiyar tana jiransa da dare, kowane minti na safiyarsa abinci ne. A wurin da ɗaruruwan mutane ke wucewa, idan kowa ya kira shi sau ɗaya, an cinye masa yinin. Akwai masu yi, akwai kuma masu kare su da hujjoji, amma ni ra'ayina a bayyane yake: baƙo raɓa ne, kuma ba a tare matafiyi a hana shi cin guzurinsa domin a samu hoto. Haka nan kada ki tsallake shingen da aka kewaye tsirrai da shi, kada ki girgiza reshe, kada ki haska masa fitilar kyamara a ido.

Dishi-dishin da kike samu kuwa yana da dalili biyu. Na farko, waɗannan tsuntsaye ba sa tsayawa, saboda haka kyamara tana bukatar ƙiftawa da sauri. Ki sa saurinta a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye, ki buɗe idon gilashin kyamarar iyakar buɗewarsa, ki bar ma'aunin ISO, wato na ƙarfin karɓar haske, ya hau da kansa ko da zai kai 3,200 ko 6,400 a cikin inuwa. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya gyara shi a kwamfuta, amma wanda ya girgiza ya tafi ke nan. Na biyu, kyamara ba ta san tsuntsu kike nufi ba, abin da ya fi kusa take kamawa, wato ganyen da ke gabansa. Ki mayar da ita kan ɗigo ɗaya na saiti, ki ɗora ɗigon a kan ido, ki zaɓi tsarin da ke bin abu mai motsi, ki ɗauka a jere. Gilashi mai tsawon milimita 400 shi ne abin da yawancin masu wannan aiki suke farawa da shi, kuma tun da tafiya za ki yi ta yi, mara nauyi da za ki iya riƙewa a hannu ya fi miki babba mai bukatar ƙafafu.

Sai dai babbar dabarar ba a cikin kyamara take ba. Masu farawa suna bin tsuntsu, ƙwararru kuwa jiransa suke yi. Hoton da aka ɗauka ana kallon sama ciki ne kawai da ƙasan jela a gaban farin sararin sama. Ki nemi inda tsuntsun zai sauko da kansa, wato ruwa. Akwai wani ɗan marmaro da ake kira Tanner's Spring kusa da ƙofar titi na 81, da 'yar ƙoramar da ke ratsa Ramble, da wadda ke cikin kwarin North Woods. Idan hantsi ya ɗaga, waɗanda suka shafe safiya a ƙololuwa sukan sauko wanka. Ki zauna a ƙasa, rana a bayanki, ki yi shiru. Na taɓa zama kusan awa guda a irin wannan wuri ba abin da ya zo sai gwarare, har na fara tattara kaya, sai ga wani mai rawayan ciki da baƙin zane kamar sarƙa a ƙirji, wanda ake kira Magnolia, ya sauka a kan dutse taku huɗu daga inda nake. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya tsoma ƙirji a ruwa ya karkaɗe, ɗigon ruwa yana tashi a cikin hasken rana. Bai san da ni ba, kuma hoton ya yi kyau ne saboda hakan.

Shawara ta ƙarshe gare ki ita ce ki samu madubin hangen nesa, irin mai lamba 8x42, ki yi kwana biyu ko uku kina kallo kawai, kyamara tana cikin jaka. Wadda ta san cewa wannan nau'in yakan koma reshen da ya tashi, wancan kuma gaba yake ci kullum, ita ce za ta san inda za ta auna kafin tsuntsun ya isa.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ina aikin gadi a wani dogon bene mai gilashi a Manhattan. Da safe nakan tsinci ƙananan tsuntsaye a ƙasa, wasu matattu, wasu a sume. Zan iya kai mai ran gida in sa a keji kamar yadda muke ajiye kanari?

AMSA: Ina amsawa, ɗan'uwa, kuma Allah ya saka maka da tausayin da ka nuna. Kada ka kai shi gida. Dokar Amurka ta 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura ta haramta kamawa ko ajiye su ba da izini ba, sannan kanari tsaba yake ci, waɗannan kuwa ƙwari masu rai suke ci, a keji mutuwa za su yi. Ka ɗauke shi a hankali ka sa a jakar takarda ko ɗan kwali mai ƙofofin iska, ka rufe, ka ajiye a wuri mai duhu da shiru, kada ka ɗura masa ruwa ko abinci. Daga nan ka kai shi wurin masu jinyar namun daji, irin su Wild Bird Fund da ke kan titin Columbus, domin wanda ya yi kamar ya farfaɗo sau da yawa yana da rauni a ka.

Abin da ke faruwa shi ne hasken benaye yana janyo su cikin gari da dare, da safe kuma su ga hoton bishiya a jikin gilashi su nufe shi da gudu. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta birnin ta ƙiyasta cewa tsakanin 90,000 da 230,000 ne ke mutuwa haka a New York duk shekara, kuma wani bincike na 2014 ya ce a faɗin Amurka adadin yana tsakanin miliyan 365 da miliyan 988. Abin yana da magani. Da aka sauya gilasan babban zauren taro na Javits da masu ɗige-ɗigen da tsuntsu ke iya gani, mace-macen sun ragu da kusan kashi 90 cikin 100, kuma tun daga 2021 doka ta wajabta wa sababbin gine-ginen birnin amfani da irin wannan gilashi. Idan kana da fuska wurin masu kula da benenku, ka roƙe su su riƙa kashe fitilun da ba a bukata da dare a watannin Afrilu da Mayu, da kuma Satumba da Oktoba.

TAMBAYA: Malam, daga Nguru nake rubuto maka. Muna ganin baƙin tsuntsaye a fadamunmu lokacin sanyi, su ɓace idan zafi ya shigo. Shin su ne suke zuwa Amurka?

AMSA: Allah ya kai gaisuwa Nguru. A'a, ba su ba ne. Baƙinku Turai da yammacin Asiya suke komawa, hanyarsu daban da ta waɗanda muka yi magana a kansu, ko da yake a Turance wasu daga cikinsu suna ɗaya ake kiransu da shi, wato wobla, alhali ba dangi ɗaya ba ne. Akwai togiya guda mai ban mamaki, wani ɗan tsuntsu mai farin gindi da ake kira Wheatear, mai nauyin kusan giram 25. Waɗanda ke hayayyafa a arewa maso gabashin Kanada suna ratsa Atlantika su zo Afirka ta Yamma, na Alaska kuma suna bi ta Asiya su yi tafiyar kusan kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka.

Abin da mutanen New York suke sammako dominsa, ku a ƙofar gida kuke da shi. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke baro Turai zuwa Afirka kowace shekara, kuma dausayin Hadeja da Nguru, da Dagona, da bakin Tafkin Chadi suna cikin manyan masaukansu. Sukan iso wajen Satumba da Oktoba. A watannin Maris da Afrilu sai su duƙufa ci domin tara kitsen da za su ƙetare Sahara da shi, kuma lokacin ne ya fi dacewa a kalle su, tun kafin shamuwa ta iso da albishir ɗin damina, ita da ƙaurarta ba ta fita daga Afirka. Ka duba ɗan siririn nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu a fadama yana kaɗa jela, da tsattsewar da ke shawagi a kan ruwa da yamma. Cikin 'yan makonni suna gonakin Turai.

Abin da ya same mu a nan yana bayyana a can. Bayan ƙarancin ruwan da aka yi a yankin Sahel a 1968, masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun wayi gari a 1969 sun ga kusan kashi uku cikin huɗu na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai dawo ba. Binciken da aka yi a faɗin Sahel daga baya ya nuna cewa baƙin nan ba kowace bishiya suke hawa ba. Sun fi taruwa a kan gawo, da dangin ƙayoyi irin su farar ƙaya, da aduwa, domin a nan tsutsotsi da furanni suke, darbejiya da turare kuwa kusan ba abin da suke samu a kansu. Gawo ya fi kowa amfani a gare su saboda ɗabi'arsa da kowane manomi ya sani, yana fitar da ganye da rani lokacin da sauran suka kaɗe, daidai lokacin da baƙin suke nan.

Saboda haka idan kana son farawa, ka nemi gawo babba kusa da ruwa, ko a bayan gari ko a harabar makaranta, ka zauna a ƙarƙashinsa bayan sallar Asuba cikin watan Maris, ka ɗaga kai. Ka tafi da yaran unguwa, ka karɓi danƙon hannunsu ka ba su littafi da biro su riƙa rubuta kamannin abin da suka gani da ranar da suka gan shi. Idan wani cikinsu ya ɗauki abin da gaske, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda ta shafe sama da shekara 20 tana horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma a kan wannan fanni har zuwa digiri na biyu.